Farin ƙanzo da tsatsa a komi da kayan nono: yadda za ku fid da su ba tare da kun cuci bisashenku ba

 

In mun fito rangadi a bakin rijiya ko foraj, akwai tambayar da ba ta ƙarewa. Wani ya nuna mana komi ya ce, wannan farin abu da ya manne kamar ƙanzon tuwo, mine ne, kuma yana kashe bisa? Wata ta kawo bokitin tatsa ta ce ta wanke shi da sabulu har hannu ya gaji, amma nono bai kai azahar ba sai ya lalace. Wani kuma tonno ne ya yi ja, shanu sun zo sun shinshina sun juya. Yau a kan wannan za mu tsaya. Maganin ba shi da tsada, galibinsa yana cikin madafar gidanku. Amma akwai kuskure biyu ko uku da in an yi su, sun fi ƙanzon kansa ɓarna.

Daga ina abin yake fitowa?

Ruwa ba ya tsami banza. Duk ruwan da ya kwana cikin ƙasa yana ɗauko wani abu na ƙasar da ya ratsa, kamar yadda ruwan jiƙo yake ɗaukar ɗacin saiwa. A jiharmu ruwan ba iri ɗaya ba ne. Birnin Damagaram da kewayensa a kan dutse suke zaune, ruwan ƙasa kaɗan ne, shi ya sa ake jawo wa gari ruwa daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Ƙarancin ruwan nan ma yana cikin dalilan da suka sa Faransawa suka maida babban birnin ƙasa Yamai a 1926. A ƙasar koramu, wajen Matamai da Magarya, ruwa yana kusa, rijiya gajera ce. A Damargu sai an zura igiya mai tsawon gaske. A kwaruruwan gabas, daga Gidimuni zuwa ƙasar Gure, kanwa ce take fitowa har bisa ƙasa. Saboda haka abin da ya manne a komin mutumin Tanut ba lalle ne ya zama irin na mutumin Gidigir ba.

Abin da ya haɗa mu duka shi ne rana. Ruwan saman da muke samu a shekara kimanin milimita 400 ne a wajen birni, amma abin da rana da iska suke iya shanyewa ya haura milimita 2,000. In ruwa ya ƙafe a komi, ruwan ne kaɗai yake tashi. Farar ƙasa da gishirin da ke cikinsa suna nan, su manne a jikin komi. Gobe a ƙara ruwa, ya sake ƙafewa, wani ya hau kan wani. Haka ma in an tafasa shi: ku leƙa cikin butar shayinku, za ku ga farin ɓawo a gindi.

Mata sun riga mu sanin irin wannan ruwa. Shi ne wanda sabulu ba ya kumfa a ciki, wanda wake yake ƙin nuna sai an jefa kanwa, wanda shayi yake yin wani yanayi a samansa. Ma'aikatan ruwa suna cewa in farar ƙasar ta wuce miligiram 200 a lita guda, to, ku sa ran ƙanzo a tiyo da tukunya.

Ku gwada kafin ku wanke

Farin abu iri uku ne, kuma kowane da maganinsa. Ku kankaro kaɗan da wuƙa ku zuba a ƙaramin kofin shayi, ku sa ruwa ku motsa. In ya narke, gishiri ne ko kanwa. Wannan ba ya son komai sai ruwa mai yawa da goga. In bai narke ba, ku tsiyaye ruwan, ku matsa lemun tsami a kai. In ya yi ta tsatsafa yana fid da ƴan kumfa, farar ƙasa ce, kuma tsami ne maganinta. In kuwa bai narke ba, bai kuma yi kumfa ba, wani irin dutse ne da tsamin gida ba ya ci sosai. Kada ku ɓata lemunku, sai dai kankara.

A nan ne mutane da yawa suke shan wahalar banza. Sun saba da toka da kanwa da sabulu wajen wanki, sai su ɗauka za su ci ƙanzon ruwa. Ba za su ci ba. Toka da kanwa da sabulu aikinsu fid da maiƙo ne. Farar ƙasa kuwa ƴar gidansu ce, ba sa taɓa ta. Sabulu ma in ya gamu da ita sai su haɗu su yi wani farin dauɗa mai danƙo, ya ƙara mannewa.

Tsamin da kuke da shi a gida

Tsamiya ita ce ta fi sauƙin samu a wajenmu. Ku jiƙa dunƙule guda, cikin hannu, a ruwan ɗumi lita 2, ku dama ku tace. Lemun tsami ya fi ta saurin aiki, sai dai in ba lokacinsa ba ne yana da tsada. Binegar fari na kanti, wanda ake sa wa salati, tsaminsa kashi 5 zuwa 8 ne cikin 100: ku haɗa shi da ruwa rabi da rabi. Akwai kuma garin tsami fari da masu yin lemun kwalba suke saye, cokali 2 na cin abinci a lita guda ya isa. In duk babu, ruwan tsamin gero da ake tsiyayewa daga ƙullu, ko ruwan da ya kwanta a ƙarƙashin nono mai tsami, suna yi, amma ƙarfinsu kaɗan ne, sai abu ya kwana ciki.

Yadda ake yi: a fara wanke maiƙo da sabulu a ɗauraye, domin tsami ba ya ratsa maiƙo. Sannan a zuba ruwan tsamin ya rufe ƙanzon. In da ɗumi ya fi ci. A bari minti 30 zuwa awa guda. Muddin kuna ganin ƴan kumfa suna tasowa, yana aiki. In kumfa ta tsaya kuma ƙanzo bai ƙare ba, tsamin ne ya mutu, a zubar a sa sabo. Daga nan a goge da soso ko burushi, a ɗauraye sau biyu da ruwa mai kyau, a kife a rana. Wurin da ba ya riƙe ruwa, kamar bakin robine ko gefen bokiti, ku jiƙa tsumma da tsamin ku naɗe shi.

Kowane kaya da halinsa

Roba da bido da kwalba da ƙarfen nan mai walƙiya da ba ya tsatsa ba sa jin komai, ko sun kwana cikin tsami.

Tukunyar alminiyum ta maƙera kada ta wuce awa guda, in ta daɗe tsami yana sassaƙa ta.

Bokitin ƙarfe mai farin shafe da kwanon rufi, a nan sai ku yi hattara. Shafen nan shi ne rigar da ke kare ƙarfen daga tsatsa, kuma tsami yana cinye shi. Minti 10 zuwa 15, a goge, a ɗauraye nan da nan. Kuma kada a ajiye nono mai tsami ko kunun tsamiya a irin wannan bokiti, domin shafen yana narkewa ya shiga abin sha.

Komin siminti kuwa, siminti kansa da farar ƙasa aka yi shi. Abin da ke cin ƙanzo yana cin komin. In kuka riƙa zuba masa tsami mai ƙarfi, zai yi kaushi, yashi ya fara zuba, daga baya ya tsage. Maganinsa a kwashe ruwan duka, a kankare da guntun ƙarfe mai faɗi, a goge da burushi ko tsintsiyar kaba mai tauri, a bar rana ta buge shi. Sau ɗaya a mako ya isa, da bazara sau biyu.

Ƙwarya ba a jiƙa ta cikin tsami ko javel, tana shanyewa ta riƙe wari. Wankin da iyayenmu mata suke yi mata, da ruwan zafi da goga da shanya a rana, shi ne daidai. Wadda ta tsage ta yi baƙi a ɗinki, a maida ta ta awon hatsi.

Shin ƙanzon yana kashe bisa?

Gaskiya ita ce, farar ƙasar kanta ba dafi ba ce. Saniya za ta sha ruwa mai farar ƙasa shekara da shekaru ba abin da zai same ta. Ɓarnar ta wata hanya take biyowa.

Ƙanzo kaushi gare shi, da ƴan ramuka da ido ba ya gani. A ciki gansakuka take kama gindi, a ciki yawu da majina da kashin bisashe suke maƙalewa. Komin da garke goma suke sha a rana, in ɗaya tana da ciwon baki da kofato, ko ɗan maraƙi yana zawo, kun ga inda abin zai zauna. Sannan komin da ba a taɓa kwashewa, kullum ƙari ake yi, gishirinsa yana ta taruwa har ruwan ya koma zartsi ko da rijiyar mai daɗi ce. Sai bisa ta rage sha. Saniya babba tana son lita 25 zuwa 30 a rana, da bazara har 40. Tunkiya da akuya lita 3 zuwa 5. Wadda ba ta sha ta ƙoshi ba, ba za ta ci ta ƙoshi ba, kuma nono kashi 87 cikin 100 ruwa ne. Mai gida sai ya ce ciyawa ce ta yi ƙaranci, alhali rabin matsalar tana cikin komi.

Masu turkar raguna don layya, ku saurara da kyau. Ragon da ake cika wa dusa, kuma ba ya shan ruwa sosai don ruwan yana wari, shi ne tsakuwa take toshe wa mafitsara. Za ku ga yana ta yunƙurin fitsari, yana kaɗa wutsiya, yana kuka, ba abin da ke fita sai ɗigo. Mutane suna ɗora laifin a kan farar ƙasar ruwa, amma yawan dusa da ƙarancin sha su ne kan gaba. Ruwa mai tsabta kullum a gabansa, da harawa ko ciyawa tare da dusar, kuma kada a cika masa kanwa. In kun ga alamar, ku nemi ma'aikacin kiwo a ranar, kada a kwana.

Kayan nono

Nan ne kuɗin mata yake zubewa. In nono ya haɗu da ruwa mai farar ƙasa da ragowar sabulu, yana barin wani siririn farin shafi a jikin bokiti da bido. In kaya ya bushe za ku gan shi, in kun shafa da yatsa za ku ji kaushi. A ƙarƙashinsa ƙwayoyin da ke lalata nono suke ɓuya. Kin tatso nono mai kyau, kin zuba a kan na jiya da shekaranjiya da ba ki gani, ina zai kai kasuwa?

Ga yadda ya kamata a bi. Da an juye nono, a ɗauraye da ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi. Kada a fara da tafasasshe, domin zafi yana dafa ragowar nonon ya manne. Sannan a wanke da ruwan zafi da sabulu, a ɗauraye. Wannan kullum ne. Sau ɗaya a mako a ƙara wankin tsami kamar yadda muka faɗa. Bido mai ƙaramin baki da hannu ba ya shiga, a zuba tsamin da ƴan tsakuwa masu tsabta a girgiza. A ƙarshe a kife a kan rumfa ko reshe, ba a ƙasa ba, kuma ba a rufe shi da danshi.

Bokitin da ya yi tsatsa a ciki ya gama aikin nono. Ko an goge, ramukan suna nan, kuma ƙarfe yana sa nono ƙarni, yana sa man shanu saurin yin wari.

Jan ruwa da tsatsa

In ruwan fanfo yana rina tufafi da kwano ja, ƙarfe ne a ciki. Kaɗan ma ya isa: daga miligiram 0.3 a lita yake fara rini da canja ɗanɗano. Amma ku bincika daga ina ƙarfen yake. In da asuba ruwan farko ne yake fitowa ja, bayan an buga bokiti kaɗan ya washe, to, tiyon ƙarfen da ke cikin foraj ne yake ruɓewa. An daɗe da sanin wannan a fanfunan hannu irin India Mark II masu tiyon ƙarfe, inda ruwan ƙasa yake da ɗan tsami. Wani bincike da Bankin Duniya ya buga a 1994 a kan Afirka ta Yamma ya nuna haka. Wanki ba ya maganin wannan. Kwamitin ruwa ne zai nemi ma'aikatar ruwa a sake tiyo da na roba ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, tun bai tsinke ya faɗa rami ba. In kuwa ruwan yana fitowa garau, sai ya ɗan jima a randa sannan ya yi ja, ƙarfen daga ƙasa yake. Ku ɗebo da yamma, ku bar shi a buɗe ya sha iska ya kwana, da safe ku tsiyaye na sama ku zubar da jan da ya kwanta.

Wuƙa, almakashin yankan kofato, sarƙa, ƙarfen burtu: a jiƙa a binegar ko ruwan tsamiya mai kauri ya kwana, a goge da yashi mai laushi ko soson ƙarfe. To, a nan ne kanwa take da rana. Ku ɗauraye da ruwan kanwa ko na toka don ya kashe ragowar tsamin, in ba haka ba kafin la'asar tsatsa ta dawo. A shanya ya bushe ƙayau, a shafa man gyaɗa. Baƙin man mota kada ya taɓa abin da zai taɓa nama ko nono ko ruwan sha. Tabon tsatsa a riga kuwa, lemun tsami da gishiri, a shanya a rana, a wanke.

Rabin tonno da ake yin komi da shi, ku ɗora shi a kan duwatsu kada ya zauna cikin caɓi, kuma kada ku bar gishiri ko kanwa su kwana a ciki, suna huda ƙarfe da sauri. Bakinsa in ya yi tsini a danne shi da guduma. Tonnon da ya taɓa ɗaukar maganin fari ko maganin ƙwari, ba wankin da ke maida shi komi.

Mutane suna cewa tsatsa ce take kawo tetanos, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya ɗaure muƙamuƙi. Ƙwayar ciwon a ƙasa da kashin dabbobi take, tsatsa maɓoya ce kawai. Saboda haka goge wuƙa ta yi fari bai isa ba in za a yi fiɗiya ko yanke cibiya, sai an tafasa ta. Doki da jaki da tumaki su suka fi saurin kamuwa.

Allura da magani

Masu taimaka wa ma'aikatan kiwo a ƙauyuka, allurar da ta yi tsatsa ba a gyara ta, a jefa ta cikin gwangwani a binne. Sirinjin da ake tafasawa, a tafasa shi da ruwan sama ko ruwan da aka taɓa tafasawa aka tsiyaye, don kada ƙanzo ya toshe shi. Wanda za a yi rigakafi da shi kada ya ga sabulu ko javel ko tsami, domin rigakafi da yawa ƙwayarsu mai rai ce, ragowar ɗigo guda tana kashe ta, ku yi ta huda bisashe a banza. Haka rigakafin kaji da ake sawa a ruwan sha: ba a kwanon ƙarfe mai tsatsa ba, ba a ruwan da aka sa wa javel ba. Garin maganin nan rawaya, oksitetarasikilin, shi ma farar ƙasa da ƙarfe suna ɗaure shi su rage masa ƙarfi.

Abin da ba a haɗawa

Javel yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cin ƙanzo, ba ya cin tsatsa. Tabon tsatsa ma ƙara kafa shi yake, kuma yana cin ƙarfe in ya daɗe a kai. In za ku yi aiki da shi, sai bayan an gama wankin tsami an ɗauraye sarai. Mai ƙarfin kashi 2.6 cikin 100, cokali 5 na cin abinci a bokiti mai lita 10, a bar kaya minti 10, a ɗauraye, a shanya. Ku duba takardar kwalbar, domin ba duka ne ƙarfinsu ɗaya ba.

Kada ku kuskura ku zuba javel da tsami wuri ɗaya, ko binegar ne ko lemu ko tsamiya. Suna fid da wata iska mai shaƙe numfashi da ƙona ido da huhu, a cikin ɗaki tana iya kada babban mutum, balle yaro. Haka javel a kan fitsarin dabbobi a turke. In hakan ta faru, kowa ya fita fili, a wanke ido da ruwa mai yawa, wanda tari ya ƙi tsaya masa a kai shi likita.

Mun ji wasu suna ɗebo ruwan batir na mota don ya fi saurin ci. Lalle yana ci, har da hannu da ido da komin kansa. Kuma akwai dalma a cikinsa, ga shanu da son lasa. Maraƙin da ya lashi tsohon batir yana makancewa, ya riƙa tura kai a bango, ya mutu. Asid ɗin da magina suke wanke tayil da shi, da ruwan wanke masai na kanti, su ma ba na komi ba ne, ba na kayan nono ba ne. Duk abin wankin da kuka saya, a ajiye shi cikin kwalbarsa ta asali, sama, inda yaro da akuya ba sa kai.

Masu kula da foraj mai aiki da hasken rana, robine da abin nan mai yawo da ke tsaida ruwa in komi ya cika, a kwance su duk wata uku a jiƙa a binegar, in ba haka ba za su maƙale ruwa ya yi ta zuba dare da rana. Gilasan kuwa a wanke su da sassafe kafin su yi zafi, a share da tsumma mai laushi nan take, domin ruwan da ya bushe a kai fari-fari yake bari, ƙarfin fanfo ya ragu.

In kun wanke komi, kun sake ruwa, amma bisashe suna ta ƙin sha, ko suna zawo, ko haƙoran yara da na ƴan maruƙa suna fitowa da tabo ruwan ƙasa, wannan ba tsatsa ba ce kuma tsami ba ya fid da ita. Kun ji abin da ya sami yaran Tibiri ta Maradi, inda wani gishiri da ake kira fuluwor ya yi yawa a ruwan foraj har ya lanƙwasa musu ƙashi. Ku cika kwalba mai tsabta ta lita guda da ruwan, ku toshe, ku rubuta sunan rijiyar da ranar da aka ɗeba, ku kai wa ma'aikatar kiwo ko ta ruwa da ta fi kusa da ku a auna.